Gidajen bakin ruwa a Epe: me ya sa Hausawa ke cewa masha Allah su wuce?

Wani ɗan'uwa mai rumfar hatsi a kasuwar Mile 12 ta Legas ne ya turo min tambaya. Ya ce wani kamfani ya ba shi dillancin filaye da wasu ƙananan gidaje shida da suka gina a wani ƙauye bayan garin Epe da ke gabashin jihar Legas, dab da bakin ruwa, suka ce ya nemo musu masu saye cikin Hausawa. Wata uku kenan yana ɗora hotuna a WhatsApp da Facebook, kowa sai ya ce masha Allah, amma ko mutum ɗaya bai ce a kai shi ya gani ba. Yana so ya san ina kuskuren yake, sannan shi kansa yana tunanin ɗaukar gida ɗaya ya mai da iyali can, ko zaman wurin zai yiwu.

Toh ƙanena, Allah ya sa albarka a nema. Na daɗe ina dillancin fili a Ikkon nan, wato Legas, daga ɓangaren Badagry har Ikorodu har Epe ɗin da kake magana, kuma tun kafin in ga hotunan naka na san abin da ke ciki: ruwa shuɗi shar, rana na faɗuwa, wani mutum da matarsa a kujera suna shan lemo, sai a ƙasa an rubuta minti kaza zuwa matatar Dangote, minti kaza zuwa sabon filin jirgi. Ko ba haka ba? Ai wannan tallar ba don mutanenka aka yi ta ba. An yi ta ne don ɗan boko da ke zaune a Landan ko Amurka yana so ya ce yana da gida a bakin ruwa, ko ma'aikacin banki na Lekki da ke neman wajen hutun ƙarshen mako. Shi ruwa ado ne a wurinsa. Bahaushen da ya taso a Haɗeja ko Argungu ko Yawuri kuwa ya san ruwa tun yana yaro, ya ga shekarar da kogi ya cinye gonar babansa, in ka nuna masa gida a bakin ruwa abin da zai fara zuwa ransa ambaliya da sauro da yaro ya faɗa ciki. Wato abin da kamfanin ya sa a gaba a matsayin kwalliya, shi ne ainihin abin da ke korar maka mutane, kai kuma kullum shi kake ƙara nuna musu.

Sannan akwai wani abu da su kamfanonin ba su gane ba game da mu. Yawancin mutanenmu da suka zo Ikko da girmansu, ko sun shekara talatin a nan, gida a wurinsu yana arewa. In ya samu kuɗi Kano zai fara kaiwa ko Funtuwa ko Illela, ya yi gini inda za a ce gidan wane ne, nan kuwa haya ta ishe shi. In ka tsaya kana lallashin irin wannan ya sayi gidan zama a ƙauyen Yarbawa da bai taɓa jin sunansa ba, ɓata yawunka kawai kake. Masu sayenka suna nan amma daban ne. Akwai 'ya'yan Hausawan da aka haifa a Agege da Idi-Araba da Obalende, kakanninsu ma a nan aka binne su, suna jin Yarbanci kamar ruwa, ba inda za su koma, gidan gado kuma ya yi musu kaɗan. Akwai direbobin manyan motoci da ma'aikata da masu kai kaya da harkarsu ta koma ɓangaren Ibeju-Lekki tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki a Janairun 2023 da matatar Dangote a Mayun 2023, waɗanda suke kwana a mota ko su cunkushe a ɗaki ɗaya. Akwai ɗan kasuwar da ba zama zai yi ba, kuɗinsa yake so ya binne a ƙasa saboda ya ga yadda naira ke narkewa a hannu. Sai mai son kiwon tarwaɗa ko kaji ko lambu. Kowanne maganar da za ka yi masa daban ce, kai kuma hoto ɗaya kake watsa wa kowa.

Amma kafin mu je ga yadda ake talla, bari in tsaya a inda na fi jin tsoro, don a sana'ar nan ba filin kamfani kake sayarwa ba, sunanka kake sayarwa. Su kamfanin in abu ya ɓaci su canza suna su canza ofis, kai kuwa rumfarka na nan a Mile 12, kowa ya san layinka, ya san masallacin da kake sallah.

Ni na taɓa ɗanɗanawa. Shekarun baya wani kamfani ya kai ni wani fili ta wajen Badagry a watan Janairu, ƙasa busasshiya ƙayau, rairayi fari tas, har na ce wannan ai jigawa ce. Na kawo wani Alhaji daga Alaba Rago, mutumin kirki, ya sayi fuloti biyu a kan maganata, ko lauya bai nema ba ya ce ai kai ne. Watan Yuli ya kira ni ya ce in zo in raka shi, muka je, wallahi sai da muka naɗe wando har gwiwa kuma ba mu ga dutsen safiyo, wato alamar iyaka da mai awon fili ke kafawa, ko ɗaya ba, duk suna ƙarƙashin ruwa, wani yaro ma na kamun kifi a inda aka ce nan ne ƙofar gida. Alhajin bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi min sauƙi, cewa kawai ya yi Allah ya kyauta. Na mayar masa da la'adata, na yi ta zirga-zirga har aka canza masa wani wuri, amma kusan shekara uku ba wanda ya sake sayen ko taku ɗaya a hannuna a wannan layin. Tun daga ranar ban ƙara tallar filin da ban taka shi da ƙafata da damina ba.

Damina a nan hawa biyu take yi, ka sani, mai ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Na biyun nan mutane ke rainawa alhali a bakin lagun, wato babban tafkin da ke kusa da teku, shi ya fi haɗari, don lokacin ƙasa ta riga ta ƙoshi, kogunan da ke gangarowa daga sama kuma sun ciko. Lagun ɗin Lekki da Epe ke bakinsa kogin Osun ne da wasu ke zuba a ciki, ta ɓangaren Isheri da Owode Onirin da Ajegunlen hanyar Ikorodu kuma kogin Ogun ne, kai da kake Mile 12 ai ka san abin da ke faruwa duk lokacin da aka saki ruwan dam ɗin Oyan. Ruwa yana iya shigo maka gida ranar da ko ɗigo ba a yi a unguwarku ba. In ba ka samu zuwa da damina ba, ƙasa ba ta ƙarya: duba jikin katangun tsofaffin gidajen ƙauyen za ka ga layin da ruwa ya tsaya, duba irin ciyawa da bishiyun wurin, in ka ga tukurwa ta yi yawa ka san fadama ce ko da an zuba mata yashi tifa ɗari, duba yadda 'yan garin suka ɗaga dokin ƙofarsu. Kuma ka tambayi masunta da matan da ke banda kifi, kar ka tambayi wanda kamfani ya ajiye a bakin get. Adalcin magana dai, shi garin Epe kansa yana da tudu sosai, akwai wuraren da ƙasar ja ce mai ƙarfi ka yi gini ba wata wahala, shi ya sa nake cewa sunan Epe kaɗai bai gaya maka komai ba, sai ka san wane gefe.

Hatta jihar ma sai ka bincika. Da yawa abin da ake tallatawa da sunan Epe, in ka bi hanyar Ijebu-Ode ka wuce iyaka, a jihar Ogun yake. Ba laifi ba ne fili ya kasance a Ogun, amma takardunsa Abeokuta za a bi, ba Alausa inda ofisoshin gwamnatin Legas suke ba, kuma mai saye yana da haƙƙin ya sani.

Yanzu takardu. Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami, saboda mun saba a gida mai unguwa da shaidu biyu da takardar ciniki sun wadatar. A nan ba haka ba ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka da ake ce wa Si-of-O, yawanci ta shekara 99, kuma in mai ita zai sayar wa wani, sashe na 22 ya ce sai da amincewar gwamna. Ƙari a kan haka, manyan yankuna na Ibeju-Lekki da Epe gwamnati ta riga ta karɓe su tun da daɗewa, sai ta yanko wani ɓangare ta mayar wa ƙauyen da ke wurin, wannan yankowar ita ce eksishan da kake ji, ana kuma buga ta a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, da lamba da shafi. To abin da za ka fi ji a bakin 'yan talla shi ne eksishan na kan hanya. Ƙanena, abin da ke kan hanya bai iso ba. Ana iya ba su, ana iya ba su rabin abin da suka nema filin mutuminka ya faɗa a rabin da ba a bayar ba, ana iya hana su gaba ɗaya. Mafi muni shi ne wurin da gwamnati ta riga ta ware wa wani aiki, hanya ko gona ko masana'anta, wannan ko shekara nawa ka yi a kai ranar da katafila ta zo ba mai sauraronka. Kowa ya ga rusau ɗin da aka yi a 2024 da aka fara titin bakin teku na Legas zuwa Kalaba.

Maganin wannan ba tsada gare shi ba in ka kwatanta da asarar. Ka ɗauki safiyo naka, ba nasu ba, ya je ya ɗauki lambobin kusurwoyin filin da na'urarsa, a kai ofishin Babban Safiyo na jiha a duba a taswira a gaya maka matsayin wurin. In sun ce suna da Si-of-O, lauya ya je rajistar filaye a Alausa ya duba sunan wa ke kai, girman nawa ta rufe, kuma ba a jinginar da ita a banki ba. Na sha ganin takarda ta gaskiya amma ta wani fili ce can gefe, ana nuna ta ana sayar da na kusa da shi.

Bakin ruwa kuma yana da tasa dokar a kan wannan duka. Ƙa'idar tsara gine-gine ta Legas ta ce a bar tazarar mita 150 daga teku, mita 50 daga lagun, mita 15 daga kogi. Ita ma hukumar NIWA ta tarayya tana da iko a kan hanyoyin ruwa da gaɓarsu, an daɗe ana shari'a tsakaninta da jihar Legas har Kotun Ƙoli ta yanke a Janairun 2024 ta ba ɓangaren tarayya gaskiya. Ma'ana fulotin nan na layin farko da aka fi tsawwala wa kuɗi, wanda ake cewa kana buɗe taga ka ga ruwa, sau da yawa shi ne wanda ba za a ba ka izinin gini a kai ba. Ni in zan saya wa kaina, layi na huɗu ko na biyar zan nema, a kan tudu, in ina son ganin ruwa in taka da ƙafa.

Sai omonile, 'ya'yan masu ƙasa. Filin dangi a ƙasar Yarbawa ba mutum ɗaya ke sayar da shi ba, sai shugaban dangi da manyan gidan sun sa hannu tare, in wani reshe ya sayar ba da shugaban ba cinikin banza ne. Ka tambayi kamfanin daga hannun wane dangi suka saya, sun gama biya ko saura, don wani lokaci kamfani kafin alƙalami kawai ya bayar ya kafa allo ya fara sayarwa, ranar da mai saye ya kawo bulo sai ga samari sun zo sun ce ba a sallame su ba. Akwai dokar kare kadarori da jihar ta yi a 2016 zamanin Ambode, ta haramta ƙwace fili da ƙarfi da karɓar kuɗin fandisho da na rufi da suke yi, ta taimaka ba laifi, amma a ƙauye har yanzu gaisuwa wurin baale, wato dagacin garin, da zama lafiya da mutanen gari ta fi maka takardar ƙara amfani. Kai ma kanka ka je ka yi rajista da LASRERA, hukumar da ke kula da dillalan gidaje a jihar, ka kuma duba ko shi kamfanin yana da ita.

Wani ƙaramin abu da ke jawo rigima: kalmar fuloti. A Legas fuloti na asali ƙafa 60 ne da 120, shida suke ba da eka ɗaya, amma kamfanoni yanzu suna yanka murabba'in mita 500 har da 300 su kira shi fuloti. Mutuminka yana lissafi da ƙafa, kai ka juya masa lissafin zuwa ƙafa tun kafin ya biya. Haka kuɗaɗen da ake ɓoyewa a bayan farashi, kuɗin safiyo, kuɗin takardar ciniki, kuɗin raya unguwa, wani wurin in ka tara su sai su tasam ma kuɗin filin. Ka haɗa komai ka faɗi jimla ɗaya. Bahaushe ya yarda ka ce masa abu da tsada, abin da ba ya yafewa shi ne bayan ya biya a ce saura kaza.

To in duk wannan ya fita tsaf, ga yadda ni nake yi.

Na daina tura hoton kamfani gaba ɗaya. Waya nake ɗauka in yi bidiyo da bakina da Hausa, ba kiɗa, in fara tun daga inda mota ke sauke mutum a bakin titi, in nuna hanyar shiga yadda take ko da taɓo ne, in ce daga nan zuwa filin na yi minti kaza a kan babur kuma ga abin da na biya. In nuna masallacin da ya fi kusa, in nuna inda ake sayen cefane, makarantar yara, kemis, in ɗebo ruwan rijiyar wurin a roba mai haske in ɗaga shi a rana kowa ya ga kalarsa. Ruwan lagun ɗin a ƙarshe nake nuna shi, in ce ga shi can, tsakaninsa da filin taku kaza, bara ya zo har nan ya tsaya. Za ka ɗauka wannan zai kori mutane, wallahi akasin haka ne, ranar da na fara faɗin aibin wuri da bakina ranar aka fara kirana, don duk wanda ya ji ka faɗi na ɓoye sai ya yarda da sauran maganarka. Balle ma mu da aka ce mana wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, ɓoye aibin kaya ba ciniki ba ne. Kuma saƙon murya ya fi rubutu tafiya a cikin mutanenmu nesa ba kusa ba, dattijon da ke da kuɗin sayen nan ba zai tsaya karanta dogon rubutu ba amma zai saurari minti uku yana cin goro.

Maganar minti kaza zuwa filin jirgi kuwa ka bar ta. An daɗe ana zancen filin jirgin Lekki da Epe, an daɗe ana zancen gada ta huɗu da za ta ƙetara lagun ɗin Legas, Allah ya sa a yi, amma kar ka sayar wa mutum da abin da ba a gina ba. Abin da ke ƙasa ya isa: matata na nan, tasha na nan, an faɗaɗa titin Eleko zuwa Epe da kankare, titin Epe zuwa Ijebu-Ode ya gyaru wanda ke fitar da mota kan babbar hanyar Shagamu zuwa Benin ba tare da ta shiga cikin gari ba, direba ya san darajar wannan fiye da ni da kai. Ga reshen jami'ar jihar Legas, LASU, a Epe, ga kasuwar kifi ta Oluwo.

Babban sirrin dai shi ne Bahaushe ba ya son zama shi kaɗai. Ba wanda zai yarda ya zama na farko a daji, matarsa ba maƙwabciya, yaransa ba Islamiyya, in ya mutu ba a san inda za a kai shi ba, kar ka yi dariya, an sha tambayata ina maƙabarta kafin a tambaye ni farashi. Don haka ni ba na sayar da fuloti ɗaya-ɗaya a irin wannan wuri, jama'a nake nema. Ka samu mutum takwas ko goma 'yan layi ɗaya ko 'yan gari ɗaya, ka je wa kamfani da su a dunƙule, ka ce ga masu eka biyu amma da sharaɗi: a jere za a ba su, a rage farashi, a ware fuloti ɗaya na masallaci a rubuta shi a takarda ba da baki ba, kuma a nuna wa kowa nasa a kafa dutse ranar da ya gama biya, ba a ce sai an tara mutane ba. Kamfanin da ya ga kuɗin mutum goma a tebur zai yarda da abin da ba zai taɓa yi wa mutum ɗaya ba. Haka duk zangon Hausawa ya faro ai, mutum biyar da rumfar sallah da mai shayi. Ka fara da mutum ɗaya da ake jin maganarsa, shugaban layinku ko wani limami ko na kusa da Sarkin Hausawa, ba don ya yi maka talla ba, ka kai shi ya gani da idonsa a kuɗin motarka, in ya dawo ya ce wurin ba laifi ya fi maka status dubu.

Kar ka manta da mata. Gida dai in uwargida ta ce ba ta zuwa an gama magana, ka bari a zo da ita ganin wuri. Kuma akwai hajiyoyi masu adashi da sana'ar hannu a Agege da suke sayen fili shiru ba wanda ya sani, sun ma fi maza cika alkawarin biya.

Biyan kaɗan-kaɗan yana jawo mutane, amma ka karanta takardar da kyau, da yawa suna sa tarar kashi kaza duk watan da aka makara, wasu ma in ka kasa ƙarasawa sai su zaftare wani babban kaso kafin su dawo maka da sauran. Mutanenmu za su tambaye ka ko wannan ba riba ba ce, kuma suna da gaskiya su tambaya. A yanke farashi ɗaya tun farko ko da ya ɗara na biyan take, a cire tarar, in sun ƙi ka gaya wa mai saye ya je ya tambayi malaminsa kafin ya sa hannu. Kuɗi kuma kar ya bi ta asusunka ko da wasa, ya tafi asusun kamfani kai tsaye a ba shi rasit da sunansa, kai la'adarka kawai ka sani, ita ma a rubuce.

Su gidaje shidan da aka riga aka gina, ka shiga da maginin da ka yarda da shi. Fenti sabo yana rufe komai na wata shida. A duba ƙasan bango ko danshi na hawa, a tambayi wane irin fandisho aka yi, don a ƙasa mai ruwa na gama-gari ba ya riƙewa sai an yi na shimfiɗa ko an kafa turaku, kuma an yi gwajin ƙasa ko ba a yi ba. A duba tsayin daɓen gidan a kan titi, a buɗe sokawe a gani, don inda ruwan ƙasa ke kusa kafin a shekara ta cika ta dawo cikin banɗaki. Iskar bakin ruwa kuma tana cin ƙarfe, kwano mai arha da ƙofar ƙarfe da ba a yi wa fenti mai kyau ba nan da nan tsatsa ta gama da su.

Batun ka koma da iyali. Zaman yana da daɗinsa, ba zan ɓoye ba, iska mai kyau, ba hayaniya, kifi ɗanye da safe, yara su samu filin wasa, kuma Epe gari ne mai Musulmi da yawa tun zuwan Sarki Kosoko da mutanensa a 1851 bayan Turawan Ingila sun kore shi daga Ikko, ba za ka rasa jam'i ba, ba za ka ji kanka bare can can ba. Amma sauro na nan ba wasa, gidan sauro da raga a taga dole ne. Ruwan bohol a wurare da yawa ja yake fitowa saboda ƙarfe a ciki, sai an tace. Wuta ka sa sola a lissafinka tun farko. Akwai watannin da ciyawar ruwan nan mai kama da kainuwa ke rufe lagun ɗin har kwalekwale ya kasa wucewa, in an ce maka ai ta ruwa za ka riƙa zuwa gari ka san ba kullum ba. Tsaro ma ka tambaya, ruwa hanya ce ga kowa har da ɓarayi, ta nan aka bi aka sace ɗalibai a makarantar Igbonla a 2016 da 2017, abubuwa sun yi sauƙi daga baya amma ka ji daga bakin 'yan garin ko suna da 'yan sintiri. Yara ƙanana kuma katanga da ƙofa mai sakata kafin komai. Ka kuma auna nisan asibitin da zai karɓi mai naƙuda ƙarfe biyun dare, ba nisan rana ba.

Abin da ya fi duk wannan a wurinka shi ne rumfarka. Kai da motar kaya ke iso maka da asuba a Mile 12, daga ƙauyen bayan Epe ta Itoikin da Ikorodu, ga gosulo, ba za ka iya kullum ba, ƙarshenta ka koma kwana a kasuwa kana zuwa gida ranar Lahadi, ka ajiye yarinyar mutane ita kaɗai a inda ba ta jin yaren kowa. Ranar ganin fili da kamfani ke shiryawa Asabar ce, a mota mai sanyi har da abinci, hanya fayau. Kai ka je ranar Litinin a motar haya, ka kwana, ka taso da asuba ka duba agogo. In har bayan haka ranka na so, ka kama haya a cikin garin Epe damina ɗaya tukuna kafin ka saya. In kuwa niyyarka ka buɗe reshen hatsi a can ne saboda mutanen da ke ta ƙaruwa a yankin, to wannan wata magana ce, kuma ina ganin ta fi ma dillancin ma'ana.

Yanzu dai ka dakatar da ɗora hotunan nan. Ka je wurin kamfanin ka ce su ba ka kwafin taswirar safiyo mai lambobi, da lambar gazet ko ta Si-of-O, da sunan dangin da suka saya a hannunsu. In suka ba ka ba gardama, ka turo min ta inbox in haɗa ka da safiyon da nake aiki da shi. In suka fara cewa ai oga ya yi tafiya, takardun na wurin lauya, ka dawo mako mai zuwa, ka ajiye musu fostocinsu a kan tebur ka koma kan buhunan wakenka.